Jinyar Furen Teku a Soron Gwaggo

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya halicci abin da muka sani da abin da ba mu taɓa gani ba.

Na yi jinya da yawa a rayuwata, ta yara da ta manya, amma wadda zan ba da labarinta a nan ba ta mutum ba ce. Kwanan baya na ji an ce a manyan birane ana sayar da akwatunan gilashi na ruwan gishiri, a zuba halittun teku a ciki a ajiye a falo don ado. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya same mu a gidanmu na Haɗeja, lokacin da kuɗin fetur ya fara shigowa ƙasar nan, ko wani zai karanta kafin ya sayi abin da bai san wahalarsa ba.

A lokacin ina koyarwa a firamaren 'yan mata, ina zaune a gidan mahaifina tun da na fita takabar mijina. Mu uku ne a gidan: ni da Baba da yayarsa, Gwaggo Dije. Baba masunci ne, haka ma mahaifinsa. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini.

Da muna yara, in ruwa ya sauko daga sama fadama kan cika har ido ya kasa ganin gaɓa. Mukan tsaya bakin gari mu hango maza sun kwanta a kan manyan gorunansu suna iyo, da yamma kuma a shigo da tarwaɗa da karfasa da kawara har a rasa inda za a shanya. Duk unguwarmu ƙamshin banda take. To, a shekarun da nake magana ruwa ya yi mana rowa. Fari ya zo, sannan aka ce an datse kogin can sama. A cikin wannan hali Inna, mahaifiyarmu, ta kwanta da safe da ciwon ciki, kafin la'asar Allah Ya karɓi abarsa. Ko kunu ba mu samu mun dama mata ba. Daga nan Baba ya kife gorarsa a bayan rumbu, ya rataye komarsa, ya zauna a zaure. Ba ya ciwo, ba ya kuka, amma in ban da masallacin ƙofar gida ba ya zuwa ko'ina. In na kai masa abinci sai ya taɓa ya ture.

Wana, Yaya Sale, yana aiki a Ikko, wato Legas, a wani ofishi mai kula da kamun kifi. Da aka shirya bikin nunin amfanin gona a garinmu bayan girbi, sai aka turo shi da akwatin gilashi don mutanen Arewa su ga kifin teku da ransa. Ya zo ta jirgin ƙasa da jarkunan ruwan teku, da ɗan famfo mai aiki da batirin mota yana hura iska ta tiyo, da ƙananan kifaye masu launi. Akwai kuma wata aba da ya kira animoni. Faɗinta bai wuce murfin kwanon shan ruwa ba. Tana da gindi mai laushi da take mannewa da shi a jikin dutse, da baki a tsakiya, da yatsu siri-siri masu yawa kewaye da bakin, kore-kore masu jan kai, suna rausaya cikin ruwa. Duk wanda ya gani sai ya ce fure ne. Yaya ya yi ta bayani cewa dabba ce, tana ci tana motsi. Mutane dai suka sa mata suna furen teku.

Ranar da ya haɗa akwatin, ranar ya zuba ruwa, ranar ya zuba su a ciki. Nan aka fara kuskure, ko da yake ba wanda ya sani sai daga baya. Aka ajiye akwatin a rumfar da rana ke dukanta, jama'a suka yi ta turuwa suna ƙwanƙwasa gilashin. Kafin a tashi daga bikin ruwan ya yi hazo-hazo, kifayen suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa ta janye yatsunta, ta saki dutsenta, ta kwanta a gefe kamar tsumma.

Yaya ya kawo akwatin gida don ba shi da inda zai kai shi, ga hutunsa ya ƙare. Ya ce da ni ba ta da sauran kwana, in ta mutu in zubar da ruwan in wanke gilashin, zai aiko a ɗauka. Yana cikin maganar sai Baba ya taso daga zaure. Ya durƙusa gaban akwatin ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko tana da rai yanzu. Yaya ya ce da sauranta.

Baba ya ce, "To ka bar maganar zubarwa sai ta mutu. Nuna wa Uwata yadda ake kunna abin iskan."

Makon farko mun yi mata duk abin da ake yi wa marar lafiya a gidan Bahaushe, kuma kusan duk ya ƙara mata ciwo. Mun ga ba ta ci, muka yi ta tura mata gutsuren kifi a baki. Ba ta riƙewa, ya faɗi ƙasa ya ruɓe. Baba ya ga ta kwanta a karkace, sai ya sa hannu ya tayar da ita ya ɗora kan dutse. In ta zame ya sake ɗora ta. Da muka ga ruwa ya ragu sai mu ƙara daga jarkar ruwan teku da Yaya ya bari. Bakinta ya wage ya ƙi rufuwa, har muna hango cikinta fari. Wani yauƙi mai ruwan ƙasa ya riƙa fita daga bakin kamar zare. Koren jikinta ya koɗe, yatsun suka yamushe suka zama kamar dafaffiyar taliya.

'Yan dubiya kuwa ba a magana. Labari ya zaga gari cewa akwai furen da ke ciwo a gidan Malam Garba masunci, wato Baba, matan unguwa suka yi ta sallama. Kowa da maganinsa. Wata ta ce a jiƙa saɓara, wata ta ce a sa mata manda tunda gishiri take so. Wani maƙwabcinmu mai shanu ya rantse da jar kanwa, ya ce ba dabbar da ba ta tayarwa. Gwaggo Dije tun farko ba ta yarda da abin ba. Ta ce kayan ruwa ba a kawo su cikin gida haka kawai, ba a san wa ya biyo su ba. Ta yi ta turara tsakar gida, in za ta wuce akwatin sai ta kau da kai tana addu'a. Na gode wa matan nan, don ba wadda ta zo hannu sake, har da masu kawo fura kamar mai jego ce a gidan. Amma na ji haushin yadda kowace sai ta sa yatsa ta taɓa gilashin kafin ta tafi.

A mako na biyu wari ya fara tashi daga ruwan. Baba ya ce a kai ta asibitin dabbobi. Na ɗauka wasa yake, sai na ga ya sa babbar rigarsa da hula. Rabon da in gan shi da rigar nan tun sadakar arba'in ta Inna. Muka ɗebo ta a faffaɗar kwalba, na rufe da mayafina, muka tafi.

Layin asibitin a gindin wata darbejiya yake. Makiyaya ne cike, wannan da saniya mai kirci, wancan da tunkiya mai zawo, wani da jakin da ya karye. Muka zauna a kan benci tun hantsi. Wani dattijo Bafulatani da ke kusa da Baba ya duba hagu ya duba dama bai ga dabbarmu ba, sai ya tambaya ko ta tsinke ne. Baba ya ɗaga mayafin ya nuna masa. Dattijon ya daɗe yana leƙe, ya ce Allah Ya ba ta lafiya. Da layi ya zo kansa kuwa, sai ya ce mu shiga tukuna, saniyarsa za ta iya jira, tamu ba ta da jikin jira. Ban san sunansa ba har yau, amma ina sa shi a addu'a.

Likitan ɗan ƙasar Kalaba ne, a bakin teku ya tashi, yana jin Hausa daidai gwargwado. Da ya ga abin da ke cikin kwalbar sai ya cire tabarau ya sake sawa. Ya ce suna yara suna tsokanar irinta da tsinke a jikin duwatsu, bai taɓa zaton zai gan ta a Haɗeja ba. Daga nan ya rufe mu da faɗa, wa ya ce mu ɗago ta mu yi yawo da ita a rana. Ya tambaye mu duk abin da muka yi, na faɗa masa, yana girgiza kai. Ya ce ba shi da allura ko ƙwayar da zai ba ta, don ba wata cuta ce ta kama ta ba. Abin da ke damunta sunansa sitires, wato jiki ya gaji da sauye-sauye, yau zafi gobe sanyi, yau nan gobe can.

Ya ce, "Baba, abin da take so guda ne. Ruwan yau ya zama kamar na jiya. Ku cire hannunku daga kanta."

Maganar nan ta zauna mana. Ya bayyana cewa akwatin sabo ne, ruwansa bai kwanta ba, bai kamata a sa mai rai a ciki ba sai ya yi makonni yana aiki da duwatsun teku da yashinsa. Baba ya gyaɗa kai ya ce kamar sabuwar randa ke nan, ba a shan ruwanta na fari. Likita ya ce haka ne. Ya ƙara da cewa in ruwa ya ragu, ruwan ne kawai ya tafi, gishirin yana nan, don haka da muke ƙara ruwan teku jiƙa ta muke cikin gishiri. Ruwan daɗi za mu riƙa cikewa da shi, dafaffe, tatacce, wanda ya huce. Ruwan teku kuma sai in za a canza, a ɗebe kaɗan a mayar da kaɗan, kada a juye gaba ɗaya. A daina ba ta abinci sai ta nema. Kada hannun da ya taɓa sabulu ko mai ya shiga ruwan. Ya yanko filasta ya ba ni in manna a gilashin daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya. Bai karɓi komai a hannunmu ba, kuma bayan kwana biyu ya zo gida a kan babur ɗinsa ya duba.

Shi ne ya ce tsakar gida ba ta yi ba, a nemi ɗaki mai sanyi wanda ba ya sauyawa tsakanin rana da dare, mai ɗan haske da safe. Ɗaki ɗaya ne haka a gidanmu, soron Gwaggo, tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da 'yar taga ta gabas. Ba wanda ya iya buɗe baki ya roƙe ta. Ita ce da kanta ta fito da tabarmarta da akwatin kayanta ta kai ɗakina, tana mita cewa an wayi gari tsohuwa ta bar wa ciyawa ɗaki. Ta ce ba don abar ta yi ba, don ƙanenta ne, ta ga ya cinye tuwonsa jiya.

Daga nan jinyar ta zama ta haƙuri. Abu mafi wuya shi ne hana Baba sa hannu. Sai ya zauna a kan buzu gaban akwatin, ya harɗe hannayensa a baya kamar ɗan makaranta. In na dawo daga aiki zai tare ni da rahoto: ta ɗan kumbura da hantsi, ta sake lanƙwamewa da azahar, ta matsa daga kusurwa zuwa bayan dutse. In baƙi sun zo shi ke tsayawa a ƙofar soron ya ce marar lafiya tana da sitiras, a gaishe ta daga nan. Ni kuma aikina dafa ruwa a sabuwar tukunya, da tace shi da farin ƙyalle, da duba filasta. Batirin famfon kuwa ya ci mana rai. Sai an kai shi wajen mai caji a tasha, wani lokaci a karɓo bai cika ba. In kumfa ta tsaya mukan karɓi juna, ni da Baba, muna ɗiban ruwan da ludayi muna tsiyayar da shi a hankali daga sama har a kawo wani. Abin da nake tarawa don sayen keken ɗinki can ya tafi, wajen caji da kuɗin mota. Ban sayi keken ba sai bayan shekara biyu, kuma ba zan ce ban ji zafin haka ba.

Sai ruwan teku ya kusa ƙarewa. Muka aika wa Yaya, shi kuma ya shirya da wani abokinsa, Malam Bukar, mutumin Nguru mai aikin gadi a jirgin da ke bi ta garin Malam Madori, tashar da ta fi kusa da mu. Yaya zai saka jarkuna daga Ikko, a sauya musu jirgi a Kano, Malam Bukar ya sauke mana a tasha. Baba ya ce shi zai riƙa zuwa ɗauka. Haka ya fara hawa motar kasuwa zuwa Malam Madori duk ranar jirgi.

Na raka shi sau ɗaya, ranar da ba makaranta. Wanda bai ga tashar nan a zamaninta ba ba zai gane ba. Buhunan gyaɗa da fatu a jibge, kwandunan busasshen kifi suna jiran kudu, 'yan mata masu dafaffen ƙwai da gurasa, masu shayi, Barebari da Fulani da Yarabawa kowa na cinikinsa. Jirgi ba ya zuwa kan lokaci, amma ba wanda ke fushi. A nan Baba ya ci karo da tsofaffin abokan sana'arsa waɗanda suka koma dakon kifin da ake kawowa daga Tafkin Chadi. Suka yi ta yi masa tsiya, wai duk ruwan da ya shiga a duniya bai ishe shi ba sai ya aika an sayo masa na Ikko. Na ji dariyarsa daga inda nake zaune. Da jirgin ya iso Malam Bukar ya leƙo da jar tutarsa a hammata, kafin ya gaishe mu ya tambayi mai jiki.

Zuwan farko bai yi daɗi ba. Da muka buɗe jarkar a gida sai warin kananzir ya buge mu. Ashe a hanya jarkarmu ta fashe, wani ya juye abin da ya saura a tasa ta kananzir don ya taimaka. Ruwan da ya yi tafiyar kwana da kwanaki muka tuttular a bayan gida. Zuwa na biyu Malam Bukar ya ajiye jarkunan a ɗakinsa na gadi, ya ce ƙafarsa a kansu ya yi tafiyar. A ciki har da duwatsu biyu masu gansakuka da yashi da Yaya ya ɗebo daga teku, kamar yadda Likita ya ce.

Wajen mako na biyar ruwan ya washe, warin ya ɗauke. Wata safiya ina shirin fita Baba ya kira ni a hankali. Ta hau ɗaya daga cikin sababbin duwatsun da kanta ta manne, bakin nan da ya daɗe a wage ya tsuke. Ba mu gaya wa kowa ba, muna tsoron baki. A kwanakin da suka biyo yatsun suka riƙa cika da ruwa suna miƙewa, kore ya fara dawowa daga gindinsu. Likita ya zo ya ce a gwada ta da abinci, kaɗan ƙwarai. Baba ya tafi kogi da kansa, ya ce ba zai ba mai jinya kifin kasuwa ba. Ya dawo da 'yar karfasa ɗaya daga ɗan ruwan da ya saura a kwarin kogin, ƙafafunsa duk laka. Ya yanki tsoka kamar ƙwayar wake, ya ɗauraye hannu, ya miƙa. Yatsun suka kama naman suka naɗe, suka kai baki. Wasu suka manne a ɗan yatsansa, ya janye da sauri yana yarfewa, ya ce ashe ƙanwar minjirya ce, kifin nan mai bugu kamar lantarki. Wurin ya yi ja har yamma, yana ta nuna wa mutane a masallaci.

Gwaggo tana bakin ƙofa tana kallo. Ta ce tunda tana ci da bakinta kamar kowa, to baiwar Allah ce. Daga ranar ita ke share soron.

Mun yi wajen wata guda muna jin daɗinta. Da hantsi in haske ya shigo ta 'yar tagar, takan buɗe gaba ɗaya har ta fi tafin hannun Baba. Na kawo 'yan ajina kaɗan-kaɗan suka gani, da sharaɗin ba taɓawa, ba hayaniya. Abokan Baba kan zo bayan la'asar su zauna a ƙofar soron, hira ta tashi daga kanta ta koma kan manyan kifayen da aka kama a da, da shekarar da ruwa ya kai har gindin ganuwa.

Sai bazara ta kawo kai. Wanda ya san zafin Haɗeja kafin saukar damina ya san abin da nake nufi. Soron da muke taƙama da shi ya fara ɗumi. Muka naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhun algarara, Gwaggo na zaune da mafici tana fifita. Ruwa ya riƙa sauka ƙasa da filasta tun kafin azahar. Ita kuma ta fara rufewa da rana, sai da yamma ta ɗan buɗe, kan yatsunta ya soma fari. Likita ya tsoma ma'aunin zafi a ruwan, ya duba, ya ce ba zai ɓoye mana ba, zafin gaske bai ma zo ba tukuna, kuma ba za ta kai damina ba a garin nan.

Aka kwana biyu. A na uku, muna cin abinci, Baba ya ce zai mayar da ita gida, wato teku. Na ce a ba Malam Bukar ya miƙa. Ya ce Malam Bukar a Kano yake juyowa, daga nan wa zai canza mata ruwa, wa zai kare ta daga rana? Na tuna masa shekarunsa, da cewa bai taɓa wuce Kano ba, ni kuma ba halin in bar aji. Gwaggo ta yi faɗa har da kuka, ta ce a kan fure zai je ya mutu a ƙasar da ba a jin maganarsa. Ya bari ta gama, ya ce, "Yaya Dije, Hajara ban samu na yi mata komai ba. Wannan ki bar ni in ƙarasa." Hajara sunan Inna ne. Gwaggo ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da dakakken gero ta fara haɗa masa guzuri.

Muka saka ta da dutsenta a bokitin roba mai murfi, muka huhhuda murfin, muka naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Sauran ruwan teku muka zuba a ƙaramar jarka don canji a hanya. Malam Bukar ya zaunar da shi a ɗakin gadi, ya yi alkawarin zai damƙa shi hannun abokin aikinsa a Kano, an kuma buga wa Yaya waya ya tare shi. Na tsaya a tasha har jirgin ya ɓace. Abin da na gani na ƙarshe shi ne Baba zaune, bokiti tsakanin ƙafafunsa, ya ɗora hannu a kan murfin.

Kwanakin da ya yi ba ya nan sun fi duk jinyar wuya. In na shiga soron sai in ga akwati ba kowa, in fito. Gwaggo ba ta koma ɗakinta ba, ta ce sai ya dawo. Duk ranar jirgi sai mu kasa kunne.

Ya dawo bayan mako biyu da 'yan kwanaki, ya rame, ya yi baƙi, muryarsa ta dushe don surutu. Ya kawo wa Gwaggo atamfa, ni kuma takalmi. Gida ya cika da masu barka da zuwa, kowa na tambayarsa teku. Ya ce babba ce, ba ta da ɗaya gaɓar, ba ta kwanciya, kuma masuntan can jarumai ne amma ba su iya gyaran koma kamar namu ba. Sai da mutane suka watse na samu na zauna kusa da shi na tambayi abin da ke raina.

Ya ce ta sha wuya a hanya. Wajen Jebba ta rufe ta zama kamar ƙulli, har ya fid da rai, ya yi ta canza mata ruwa da murfin jarka yana addu'a. Da suka isa, Yaya ya kai shi wani wuri da aka jera manyan duwatsu cikin teku, lokacin da ruwa ya ja baya. Ya tattare wando ya sauka, ya sami wani rami mai ruwa tsakanin duwatsun ya ajiye ta da dutsenta, ya tokare da wani dutsen kada igiya ta tafi da shi. Ya tsaya har ruwa ya fara dawowa ya kai masa gwiwa, Yaya na jan rigarsa. Ba ta buɗe ba har suka tafi.

Washegari ya matsa sai da aka mayar da shi. Ya sami ramin, ya sami dutsen yadda ya tokare shi, amma ba kowa a kai. Sai ya sunkuya ya duba jikin babban dutsen da ke gefe, ya ga irinta cike, manya da ƙanana, duk a buɗe, kore da jan kai, suna rausaya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Ba wadda ta koɗe, ba mai wagaggen baki. Ya daɗe a durƙushe yana nema, ya kasa gane wace ce tamu.

Na ce, "Baba, duk wahalar nan, ko sallama ba ku yi ba. Ba ka ji haushi ba?"

Ya ce, "Haushin me, Uwata? Da na gane ta, ai da sauran ciwo ke nan."

Ya miƙa mini kwanonsa ya ce in ƙaro masa tuwo in akwai saura.

Allah Ya jiƙan Baba da Gwaggo da Inna, Ya saka wa duk wanda ya taya mu, Ya ba masu jinya haƙurin cire hannu in lokacinsa ya yi.